Haihuwa Uku, 'Ya'ya Biyu

Shekarata ta biyu ke nan a ƙasar Larabawa lokacin da na fara neman bizar Kanada, kuma da na san irin jiran da ke cikinta da abin da za ta ci mini, wallahi da ko hanyar ofishin ban tambaya ba.

Ni bakaniken injin jirgin ruwa ne. A bakin gulbin Yauri na koyi aikin, a kan injinan kwale-kwalen da ke ɗaukar albasa da mutane zuwa ƙetare, daga baya na shiga makarantar koyon sana'a na samo takarda a kai. Takardar nan ce ta kai ni wata tashar jiragen kamun kifi a bakin teku. Ruwa dai ga shi nan har iyakar ganinka, amma ba ka iya kurɓarsa, gishiri ne zalla. Zafin kuwa ba irin namu ba ne. Namu yakan sassauta da la'asar, ka zauna bakin ruwa ka sha iska. Nasu tun da hantsi yake shaƙe ka, sufanar da ka ajiye a rana sai ka naɗe hannu da tsumma kafin ka ɗauka.

A ɗakin da kamfani ya ba mu kowa da yarensa, kowa da warin girkinsa. Akwai mutanen Indiya, akwai 'yan Bangaladash, sai wani ɗan Filifin mai walda, Romi, wanda gadonsa ke saman nawa. Ni kaɗai ne ba ni da wanda zan yi tsegumi da shi da harshena. Kifi muke ci kusan kullum tunda a bakinsa muke, amma ni ɗan masunta ne, na san kifi, wannan ba shi da ɗanɗanon komai. Sai in zauna ina tauna ina tuna bandar tarwaɗa ta kasuwar Yauri, wadda ƙamshinta ke tarbar ka tun daga tasha. Ranar da matata Rabi ta aiko mini da ƙullin yaji da 'yar banda ta hannun wani mai zuwa, a ƙasan akwati na ɓoye su ina gutsura kaɗan-kaɗan, har Romi ya tambaye ni ko magani ne. Na ce masa magani ne mana.

Romin nan shi ya jefa ni cikin wannan wahala, Allah ya yafe masa, da kyakkyawar niyya ya yi. Wata rana muna cin abincin rana a inuwar wani jirgi da aka jawo tudu, ya ce ai Kanada na neman masu sana'ar hannu irinmu, kuma zama suke ba mutum na dindindin, da matarsa da 'ya'yansa. Maganar iyalin nan ita ta kama ni. A inda muke, mai albashi irin nawa ba a barinsa ya kawo mata, hutu kuwa sai kwantiragi ta ƙare. Autana Usman yana rarrafe na baro shi. Idan Rabi ta kira ni ta bidiyo ta ce masa ga Baba, sai ya juya wayar yana leƙa bayanta yana nemana. Abin nan yana cina ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Zangon farko shi ne ofishin wani ejan, ɗan ƙasarmu ma, a saman wani shagon sayar da waya. Babban mutum, ga tumbi ga turare, ga ƙananan tutocin ƙasashe jere a kan tebur. Yana jin na ce Yauri ya miƙo mini hannu biyu, ya ce ai ya taɓa cin kifinmu, mu 'yan'uwa ne. Ya jawo fom yana tambaya yana rubutawa. Suna, sana'a, shekaru, mata nawa. Na ce ɗaya. Ya ce madalla, don can ba sa karɓar biyu.

"Yara fa?"

"Biyu," na ce.

Ba ƙarya na yi ba, kuma har gobe ba na jin na yi ƙarya. Amma bari in yi bayani, don a nan duk abin ya ƙulle.

Yayana Mamman masunci ne, yana zaune a wani ƙauye na bakin tafki kusa da Wara, a ƙasar Ngaski. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, da kifin tarunsa na yi makaranta. Ya daɗe da matarsa Hajo Allah bai ba su haihuwa ba, ya kuma ƙi ƙara aure duk da surutun mutane. Da Rabi ta yaye 'yarmu ta fari, Inna mahaifiyarmu ta goya ta, ta shiga jirgin ruwa, ta kai ta gidan Yaya ta sauke. Ba wanda ya nemi shawarata, ni ma ban ga abin shawara ba, haka ake yi. Ga shi kuma 'yar fari ce, wadda ko a gidanka take ba ka kiran sunanta, ba ka wasa da ita gaban mutane, ba ka ƙirga ta da bakinka. Sunanta Asabe, rubutawa nake yi shi ya sa na iya. A makaranta Asabe Mamman aka rubuta ta. Yaya take kira Baba, ni kuma Baffa. Ko yara sun taɓa yi mata gori a wurin wasa ban sani ba, amma babba bai taɓa zaunar da ita ya gaya mata komai ba. Don haka duk wanda ya tambaye ni yara nawa gare ni, a Yauri ko a ko'ina, biyu nake cewa, Hadiza da Usman.

Ejan ya karɓi abin da ya karɓa, ya ba ni wata doguwar lamba ya ce ta fayil ɗina ce, in je in yi ta addu'a. Na yi ta addu'a kuwa. Duk sanda na kira shi sai ya ce, "Ana kai, ɗan'uwa, Turawa ba sa son gaggawa." Damina ta wuce a gida, ruwa ya cika ya janye, ni ina nan ana kai. Wata Juma'a na ce bari in je in gan shi ido da ido. Na hau benen na tarar ofishin ya koma shagon aski. Mai askin, wani ɗan Pakistan, ya dube ni ya gane irin waɗanda ke zuwa ne, ya shiga ƙarƙashin matakala ya jawo wani kwali cike da takardun mutane. Ya ce mai gidan ya ce a zubar, shi ya ga ba zai iya ba. Na tsuguna na tono nawa. Ya kawo mini ruwan sanyi, ya ce in zauna in huce kafin in sauka.

Daga nan masallaci na nufa. Bayan an idar ina neman takalmina a bakin ƙofa, ban san a fili nake magana ba, ashe ina ta cewa, "Allah ya isa, Allah ya isa tsakanina da kai." Sai na ji an ce a bayana, "Allah ya isa ga wa, ɗan'uwa, yau Juma'a?"

Na waiga a firgice. Wani dattijo ne siriri da farar jallabiya da rawani irin na Sudan. Malam Tijjani ke nan. Kakanninsa sun bar ƙasar Sakkwato a ƙafa za su aikin Hajji, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Bai taɓa taka Najeriya ba, amma Hausarsa irin ta tsofaffinmu ce, wadda rabona da jin ta tun rasuwar kakata. Na tsaya riƙe da takalmi ɗaya ina kallonsa, idona ya cika da hawaye, ni ƙato da gemuna. Ya ja ni shagon shayi. A can na ji cewa aikinsa ke nan, yana wani shagon cike takardu, kuma ya daɗe yana taimakon masu neman irin bizata.

Ya sa lambar da ejan ya ba ni a kwamfuta, kwamfuta ta ce ba ta san ta ba. Ko fom ɗaya mutumin nan bai tura ba. Malam Tijjani bai tsaya taya ni zagi ba, ya ce mu fara daga fari. Ya ɗauki tsohon fom ɗin yana kwafewa, da ya zo kan yara ya ɗago kai.

"Biyu kaɗai?"

"Biyu."

"Allah shi ƙaro masu albarka," ya ce, ya wuce.

To, sai jira na gaskiya ya fara. Wanda bai yi ba ba zai gane ba. Kowace takarda tana da ranar mutuwarta, kuma ba sa mutuwa tare. Kana samo wannan, waccan ta mutu. Jarrabawar Turanci ta kayar da ni har na daina gaya wa Rabi ranar da zan shiga. Ni da nake gane ciwon inji daga jin ƙararsa, aka zaunar da ni wai in rubuta ra'ayina a kan ko ya dace a hana motoci shiga tsakiyar birni. Ina ruwana da motocinsu? Romi ne ya riƙa zama da ni lokacin hutun rana yana yi mini tambayoyi da nasa karyayyen Turancin, ina ba shi amsa da nawa, har Allah ya sa na haye da ƙyar.

Sai suka ce suna son wasiƙa daga wanda na yi aiki a ƙarƙashinsa a gida, a kan takarda mai hatimi da adireshin kamfani. Maigidana Ɗanjuma bakanike kamfaninsa rumfa ce a gindin mangwaro a bakin gulbi. Da na kira shi na yi masa bayani, dariya ya yi har da tari.

"Haruna, wai su Turawan ba su yarda ka iya aiki ba? Su kawo injin su aje gabanka mana!"

Amma ya yi. Ya je aka sassaƙa masa hatimi, aka buga masa wasiƙa, har yau ina jin yana alfahari da abin nan, ko rasit zai ba mutum sai ya buga. Kafin wasiƙar ta iso hannuna takardar shaidar 'yan sanda ta mutu. Na sabunta ta, fasfo ya kusa ƙarewa. Na sabunta fasfo, aka ce lambarsa ta canja, sai an sanar. Wayata kuwa duk ta yi baƙi da man inji, don ko ƙarƙashin jirgi nake na ji ta yi ƙara sai na zaro ta. Yawanci tallar kamfanin waya ce. A gida Yelwan Yauri kuma tuni Inna ta gama gaya wa maƙwabta, abokaina sun laƙaba mini Ɗan Kanada. Duk wanda ya kira sai ya ce, "Ya sanyi?" ni kuwa gumi na ɗiga daga haɓata.

Ana cikin haka shugaban ma'aikatarmu ya tara mu ya ce an sayar da wurin, duk wanda kwantiraginsa ta ƙare ba za a sabunta ba. Tawa saura 'yan watanni. Wato ko Kanada, ko in koma gindin mangwaron Ɗanjuma da sunan Ɗan Kanada a kaina.

Sai ga saƙo, wai a je gwajin lafiya, ni da iyalina. Malam Tijjani ya ce alama ce mai kyau, ba a tura mutum asibiti sai an kusa. Ni na yi nawa a can, Rabi ta kwashi Hadiza da Usman suka tafi Abuja, asibitin da aka ce. Da suka fito ta kira ni tana ba ni labari, an ɗebi jini, an ɗauki hoton ƙirji, Usman ya ciji wata nas.

"Likitar mace ce, mai kirki. Ta tambaye ni haihuwa nawa na yi, na ce uku."

Na ce to, madalla, ku kama hanya da wuri. Ko a jikina ban ji komai ba.

Bayan 'yan makonni wasiƙa ta zo, doguwa. Na karanta ban gane duka ba, amma na gane ba ta murna ba ce. Na kai wa Malam Tijjani bayan an tashi aiki. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ajiye a kan tebur.

"Haruna, matarka ta ce haihuwa uku, duka suna raye. Kai ka ce biyu. Ina ɗaya?"

Na gaya masa komai. Bai yi mamaki ba, ya ce shi ma kakarsa har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan mahaifinsa ba. Ya ce laifinsa ne da bai tambaye ni haihuwa ba, ya tambaye ni yara.

"Amma su ba su san wannan ba. A wurinsu ka ɓoye ɗa, kuma ɓoye ɗa ƙarya ce. In ba ka wanke kanka ba cikin wa'adin da suka ba ka, za su ƙi ka, su kuma rufe maka ƙofa shekaru."

"To ai ba zuwa za ta yi ba! Yarinya tana gidan ubanta, ina ruwansu da ita?"

"Ko ba ta zuwa sai sun san da ita. Dokarsu ke nan."

Ya lissafa mini abin da zai wanke ni. Takardar haihuwa mai sunana a matsayin uba. Gwajin lafiya a asibitin nan na Abuja, kamar sauran. Sai kuma wanda take hannunsa ya je kotu ya yi rantsuwa a rubuce cewa ba shi ya haife ta ba, riƙo kawai yake yi bisa al'ada. Na ce a bar na ƙarshen. Ya ce na ƙarshen ne ma zai sa su yarda ba da gangan na yi ba. Na ce to in janye neman gaba ɗaya. Ya ce ko na janye tambayar tana nan a rubuce, ba amsa.

Na fita waje na kira Rabi, na sauke mata duk abin da ke cikina. Na ce bakinta ya kashe mu, wa ya aike ta, ba ta iya cewa biyu ba? Ta bari na gama tsaf.

"Ka gama? Likita ce ta dafa cikina ta tambaye ni. Cikin nan nawa ne ko naka? Uku na yi naƙuda, Haruna, ba biyu ba. Ku kuka ba da ita, ni ban taɓa cewa komai ba, amma ba wanda zai sa in ce ban haife ta ba."

Tun da muka yi aure ban taɓa jin ta yi maganar da wannan murya ba. Kunya ta kama ni. Ta ce kuma in sani, ita ba za ta iya tunkarar Yaya da wannan zance ba, ni zan yi.

Na fara da Inna, ina ganin ko za ta sassauta mini hanya. Ina!

"Mi kac ce? Da bakinka za ka ce ma Mamman shi tai gaban alƙali shi rantse yarinyag ga ba ɗiyatai ba ce? Mutumin da yas sha rana da ruwa don ka yi boko? Kanadar mi, Haruna? Can ɗin Aljanna ta?"

Na ce Inna takarda ce kawai, ba karɓe ta za a yi ba. Ta ce ita ba ta san takarda ba, ta san ranar da ta sauke yarinyar nan a tsakar gidan Hajo, Hajo ta durƙusa tana kuka. Ta kashe wayar.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi aiki ba. Na ɗaure wani inji na manta ban sa wani ɗan zoben ƙarfe a ciki ba, sai da na sake kwance shi. Romi ya daina yi mini wasa, sai dai in tarar ya ajiye mini shayi a bakin gado. In na tuna Yaya sai in ce a bar Kanadar, Allah ya sa haka ya fi alheri. In na tuna Usman yana leƙa bayan waya, da Rabi, da shekarun da na zuba a cikin takardun nan, sai in ce ai Yaya mai hankali ne, zai gane. Wa'adi kuma yana ta matsowa. Na gaji, gajiya irin wadda barci ba ya maganinta.

Ƙauyen su Yaya ba sabis sosai, sai ranar kasuwar Wara ake samunsa. Na jira ranar, na nemi izini na fita bayan ma'aikata na kira. Ina jin hayaniyar bakin ruwa a bayansa, masu jirgi na kiran fasinja, mata na cinikin kifi. Muka gaisa. Na tambayi Hajo, na tambayi ruwa, na tambayi kamu, ya ce ruwa ya fara cikowa, kifi ya samu, alhamdu lillahi. Na sake tambayar Hajo. Na tambayi injin jirginsa ko yana nan yana shan mai. Duk ya amsa. Da ya ga zan sake zagayowa sai ya tare ni.

"Inna ta gaya mani."

Na fara, "Yaya, wallahi takarda ce kawai, ba abin da zai canja, ni ban taɓa..."

"Wace rana alƙalin ka zama?"

Iyakar abin da ya tambaya ke nan. Na gaya masa. Ya ce to, ya ji, in gaida mutanen wurinmu.

Sauran labarin a bakin Rabi na ji shi, don ita ta raka Yaya. Ya shigo Yelwa da jirgin safe, sanye da rigarsa ta Juma'a. A kotu magatakarda ya karanta masa abin da aka rubuta, ya fassara masa da Hausa, cewa shi Mamman ba shi ne mahaifin Asabe ba, ƙanensa Haruna ne, shi mai riƙo ne. Ya tambaye shi ko haka ne, ya ce haka ne. Aka ce to sai rantsuwa. Yaya mutum ne da ko a rikicin taru, in aka ce a dafa Alƙur'ani, gara ya bar wa abokin rikicin kifin. Bai taɓa yi ba. Ran nan ya fita ya yi alwala a famfon kotu, ya dawo ya dafa, ya maimaita abin da aka ce ya maimaita, ya dangwala yatsa. Rabi ta ce da suka fito ta ce ya zo gida ya ci abinci, ya ce jirgi zai tashi ya bar shi, alhali da sauran lokaci.

Saura Abuja. Rabi ta ce ita za ta kai yarinyar, ba sai ya wahala ba, ga shi lokacin kamu ne. Ya ce a'a. Yarinyar ba ta taɓa yin tafiya ba shi ba, ba kuma za ta fara yanzu ba. Ya jingine tarunsa a lokacin da kowane masunci ke kwana kan ruwa, suka shiga mota su uku. Abin da aka gaya wa Asabe shi ne Baffa yana son a duba lafiyar kowa a gida.

A asibitin akwai wata mai karɓar baƙi a bakin kanta, ba Bahaushiya ba ce, Turanci take yi da sauri-sauri. Rabi Turancinta na gaisuwa ne, Yaya kuwa ko ɗaya. Asabe ce 'yar sakandare, ita ta tsaya gaba tana amsawa tana fassara musu. Matar ta karɓi takardu ta duba, ta dubi Yaya, ta yi tambaya. Rabi ta ce yarinyar ta ɗan tsaya, sa'annan ta juyo.

"Baba, wai kai ne ubana?"

Rabi ta ce ita bango ta juya ta kalla. Yaya ya gyara tsayuwa.

"Ce mata a'a. Ce mata ni mai riƙo ne."

Yarinyar ta juya ta faɗa wa matar da Turanci. Matar ta rubuta, ta miƙo musu lamba, ta ce su zauna a jira a kira su. Suka zauna a benci ɗaya, Asabe a tsakiya. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi kowa komai ba. Da aka zo ɗibar jini ta miƙa hannu. A mota kuma da za su dawo, ta kwantar da kai a kafaɗar Yaya ta yi barci, ko ta yi kamar tana yi.

Malam Tijjani ya haɗa komai, ya rubuta musu dogon bayani a kan riƙo da kunyar ɗan fari, muka tura ana saura kaɗan wa'adi ya cika. Sai aka koma jira. Wannan jiran ya fi na baya nauyi, don yanzu ko me suka ce, an riga an yi abin da aka yi. Inna ta koma amsa gaisuwata a taƙaice. Hajo ta daina aiko wa Rabi da banda. Yaya kuwa duk ranar kasuwa in na kira zai ɗauka, mu gaisa lafiya lau, ruwa, kamu, inji, amma ban iya tambayar yarinyar ba, shi ma bai kawo zancenta ba. Kwantiragina ta ƙare, sabon mai wurin ya ƙara mana 'yan watanni don bai sami wasu ba. Na daina zaro waya in ta yi ƙara.

Romi ne ma ya ji ƙarar ranar, muna kan wani inji da hantsi, ya ce in duba mana. Na goge hannu a wando na duba. An ba mu bizar, ni da Rabi da Hadiza da Usman. Romi ya yi ihu ya rungume ni da safar waldarsa, 'yan ɗakinmu suka taru suna bubbuga bayana. Malam Tijjani da na kira shi sai da ya yi kabbara. Ni ma na yi murna, ba zan ce ban yi ba. Rabi ta yi ta kuka a waya. Ranar ta dace da kasuwar Wara, na ce bari in gaya wa Yaya da bakina kafin ya ji a wani wuri.

Ya ɗauka, hayaniyar bakin ruwa na bayansa kamar kullum. Na gaya masa.

"Madalla," ya ce. "Alhamdu lillahi. Wahala ba ta faɗi banza ba. Allah shi sa a shiga a sa'a."

Na ce amin, na fara yi masa godiya, ina ta haɗa kalmomi ba su haɗuwa. Ya katse ni.

"Tare muka zo kasuwa. Ga ɗiyakka nan, ku gaisa."



"Haba Yaya. Ɗiyakka dai."

Ya amsa, ba faɗa, ba ɗaga murya.

"Da alwala na dafa Alƙur'ani, Haruna, nic ce ba tawa ba ce. Yaya kake so in koma in ce tawa ce?"

Sai na ji ya miƙa mata wayar.